Zanen Yayata Hannatu

Asubar Talata muka tashi daga Kafanchan, ni da surukata matar ɗana na fari, ruwan da aka kwana ana yi bai gama ɗiga daga bakin kwano ba. Ita ce take rubuta wannan, ni ina faɗa, don hannuna bai san biro ba. Ku 'yan'uwana matan zumunta da kuka yi ta aiko tambaya yaya tafiyar Nok ta kasance, ku zauna. Zan ba ku daga farko, don ba labarin da ake bayarwa a tsaye a ƙofar coci ba ne.

Waɗanda suka shigo cikinmu daga baya ba su san yayata Hannatu ba. Ita ce mai ɗaga waƙa a zumuntar ƙauyenmu, can bayan Zonkwa, ni kuma ina buga mata tulun kiɗa. Daren da masu bindiga suka shigo mana, ina kwance a asibiti nan Kafanchan ana yi mini aikin ido. Kafin in koma an riga an sa waɗanda aka kashe a ƙasa, su duka har da ita, rami ɗaya. Ban ga fuskarta ba. Ɗakinta ya ƙone, nawa ya ƙone, tun ranar nake zaune gidan ɗana.

To, yanzu an sake gina cocinmu, sai komiti suka ce za a zana waɗanda suka tafi a kan babban allo, a rataye a ciki ranar keɓe cocin. Suka ba wani dattijo a Nok aikin, tsohon malamin zane ne a makarantar sakandare. Kowane gida ya tura masa hoton nasa ta waya. Mu ba mu da abin turawa. Hannatu ba ta son hoto, in ta ga an ɗaga waya sai ta sunkuya kamar tana neman takalminta. Guda ɗaya aka samu, na taron mata, tana can layin baya, fuskarta ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Sai malamin ya faɗa wa fasto, fasto ya faɗa wa ɗana, ɗana ya zo ya same ni a bakin murhu ya ce Malam ya ce in zo masa da zanenta, in ba haka ba ba zai iya sa ta a allon ba, sai dai a rubuta sunanta a ƙasa kawai.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Abu ɗaya da ya rage na Hannatu a duniya shi ne zanenta, atamfa mai ruwan ƙasa da ganye-ganye, wanda na ara don zuwa asibiti saboda nawa ya koɗe. Ban wanke shi ba tun lokacin. Na ninke shi, na sa a leda, na ɗaure bakin.

A tasha muka sami bas mai zuwa Kwoi. Kuɗin da direba ya faɗa, a da zai kai mutum Jos ya dawo da shi har ya sayi biredi. Surukata ta yi ciniki har kwandasta ya tambaye ta ko ita ta sayi man. Aka cusa mu, ni aka ba ni bakin taga saboda tsufa, tagar kuwa ba gilashi, saboda haka alherin ya zo da yayyafi. Muka tsallake layin dogo, awaki suna kwance a kai kamar gadon ubansu. Dutsen Kagoro yana bayanmu, gajimare ya rufe masa kai.

Hanyar tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma ramuka sun haɗa kai sun zama tafki. A shingen sojoji na farko wani ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin ledar da na rungume. Na ce zane ne. Ya matsa ta da hannu, ya dube ni, ya ce, "Mama, ki wuce." Bai nemi komai ba, Ubangiji ya kiyaye shi.

Daga nan gonakin citta suka fara, hagu da dama. Ku da kuka san ƙasar Jaba a wannan lokaci na shekara kun san yadda ganyen citta yake tsayawa kore shar. Wanda na gani a wurare da yawa ya yi rawaya ya kwanta. Wata mata kusa da ni ta ce ciwon da ya kama citta bai sake su ba, in ka tona sai ka ɗebo ruɓa mai wari. Ta ce a unguwarsu yara da yawa sun bar makaranta a kan wannan. Tana faɗa ba kuka, ba ɗaga murya, kamar mai ba da labarin wata ƙasa. Can gaba muka wuce wasu gidaje da ba rufi, ciyawa ta fito ta taga. Direba ya rage rediyo, bai ƙara ba sai da muka hango Kwoi.

A Kwoi muka karya da ƙosai da kunun acha. Ƙosan ya ƙanƙance har na tambayi mai suyar ko na yaye ne. Ta ce in je in tambayi masu sayar da wake. Daga nan sai acaba, don motar Nok ba kullum take samuwa ba. Ban hau babur ba tun mijina yana da rai. Na riƙe mai acaban da hannu biyu har ya ce, "Kaka, ki bar mini wurin numfashi, ni ma ina da iyali." Hanyar jar ƙasa ce mai santsi, duwatsu suna tsaye a bayan gonaki, mata suna tafe da itace a kafaɗa.

Gidan malamin yana gefen gari, a gindin wata bishiyar ɗorawa. Dattijo ne siriri, ƙafarsa ɗaya a kumbure a kan kujera, shi ya sa ba ya iya tafiya mai nisa sai dai a zo masa. Matarsa ta kawo mana ruwa. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya, don babu gidan da ba ya buƙatarta yanzu. Yarensa daban, namu daban, Hausa ce ta haɗa mu. Kuma Hausar ce ta yi mana abin da ta yi.

Na kwance ledar na miƙa masa da hannu biyu. Ya warware atamfar a kan gwiwarsa, ya dube ta, ya dube ni.

"Mama," ya ce, "zane na fuska nake nufi. Wanda aka yi mata da aska tana yarinya."

Surukata ta rufe bakinta da hannu. Ta ce ai mutanen Kano suna ja wa ɗayan murya, ɗayan kuma su datse shi, ta haka suke rabe na ɗaurawa da na fuska. Mu nan duk baki ɗaya muke kiransu. Saƙon ya bi ta bakin mutum uku, babu wanda ya ji wani abu ya karkace. Matar malamin ta fara dariya, ta ga yadda nake kallon atamfar, sai ta daina. Ni ma na ɗan murmusa. Na ce to ai shi ke nan, zanen fuskarta ma na zo da shi, yana cikin kaina.

Haka na faɗa, kun ji. Da bakina na faɗa.

Ya sa aka buɗe ɗakin aikinsa, warin fenti da kananzir ya tare mu. Allon yana jingine da bango, ya fi ƙofar coci faɗi. Na shiga na ga mutanen ƙauyenmu a tsaye suna kallona. Aka turo mini kujera, na zauna.

Ba ni da ilimin wannan aiki, amma na san mutanen, saboda haka zan faɗi abin da idona ya gani. Hannun malamin yana da gaskiya. Mai niƙan unguwarmu, da haƙorinsa da ya karye, shi ne. 'Yan biyun maƙwabciyata cikin kayan makaranta, su ne. Amma akwai abin da ya dame ni. Kowa yana cikin kayan Kirsimeti, kowa yana murmushi, don hoton biki aka turo. Akwai wani dattijon coci da tun ina amarya ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ga shi a allo yana washe baki kamar an ba shi sarauta. Na ce wa malamin wannan bai yi dariya haka ba ko ranar aurensa. Ya ce hoton ranar auren ɗansa ne, mai ɗauka ne ya matsa masa. Ya ce shi abin da aka ba shi yake zanawa, wanda bai taɓa gani da rai ba ba zai ƙaga masa fushi ba.

A bayansu ya zana dutsen ƙauyenmu da gonakin dawa, sama garau. Surukata ba ta ji daɗin wannan ba. Ita malamar makaranta ce, tana da baki. Ta ce ina wutar, ina hayaƙin, duk wanda ya ga allon nan zai ɗauka zazzaɓi ne ya ɗebe su. Ta ce ya kamata baƙo in ya shiga cocin ya san abin da aka yi mana. Malamin ya ce ya fara da wuta, kwana da kwanaki yana zana ta, sai ya tuna 'ya'yan mutanen nan ne za su zauna a ƙarƙashin allon kowace Lahadi har su yi furfura, sai ya shafe. Ta ce shafewar ce ake yi mana kullum. Ya ce haka ne. Ba wanda ya ci wani. Ni har yanzu ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba.

A gefen dama akwai mace ɗaya da ba a gama ba. Jiki ya fito, ɗankwali ya fito, fuskar sumul kamar ƙwai, ba ta kowa ba. Ya ɗauki gawayi ya ce in faɗa masa.

Na ce irin nawa ne, tsohuwa ɗaya ta yi mana. Ya matso ya ƙare wa fuskata kallo, layukan goshi da na kumatu. Na ce amma akwai bambanci. Ranar da ake yi wa Hannatu, ta fizge kanta, askar ta zame, layi ɗaya ya karkace ya gangaro wajen baki. Da shi aka san ta. Mahaifiyarmu takan ce tun ranar bakinta ya sami hanya. In ba wannan karkataccen layi, ba Hannatu ba ce.

Ya ce madalla. Ya ɗaga gawayin. Ya ce a wane kunci, dama ko hagu?

Na buɗe baki.

'Yan'uwana, matar nan ta goye ni a bayanta. Tabarma ɗaya muka kwana har aka aurar da ita. Na yi mata kitso, na wanke ta ranar haihuwarta ta fari, na zauna gabanta muna ɓarar gyaɗa damina bayan damina har gashinmu ya yi fari. Na rufe ido na kira fuskarta. Layin ya zo a dama, ya zauna daidai. Na sake kira, ya zo a hagu, nan ma ya zauna daidai. Na ɗaga hannu kamar zan shafa ta, hannun ya tsaya a iska.

Malamin ya ajiye gawayin ya ce ba gaggawa. Surukata ta fita tsakar gida wajen da waya take kamawa, ta kira duk wanda ya rage. 'Yar Hannatu da ke aure a Kaduna ta ce dama, sai ta ce a dakata, sai ta fashe da kuka. Wani ɗan ƙaninmu ya rantse hagu ne. Wata jikarta ta ce ita ba ta ma san akwai wanda ya karkace ba. Tsofaffin da za su amsa ba tare da tunani ba, suna nan a kan allon suna murmushi.

Surukata ta dawo ta durƙusa kusa da ni ta ce, "Mama, ki zaɓi ɗaya kawai. Babu wanda zai sani."

Na ce ni zan sani. Na ce ba zan rataye ƙarya a gidan Ubangiji in zauna ƙarƙashinta ina karɓar jibin Ubangiji ba. Malamin ya ce to ko ya kwafi nawa, layuka a miƙe. Na ce wannan ni ce zai sa a cikin matattu, kuma ba a kira ni ba tukuna. Ya ce in haka ne sai suna a ƙasa. Na ce a ba ni iska.

Na fita na zauna a gindin ɗorawar. A kan wani dutse kusa da rumbu na ga rabin kan mutum na yumɓu, ƙonanne, girman tulun yara. Malamin ya dogara sanda ya biyo ni, ya ce maƙwabcinsa ne ya tono shi a gonar citta makon da ya wuce, suna jiran ma'aikatan gidan tarihi su zo su ɗauka. Ya ce irinsu ne suka sa duniya ta san sunan garin nan, an yi su tun kafin a haifi Almasihu, kuma ɓarayi sun kwashe da yawa sun kai ƙasashen Turawa. Na ɗauka na juya shi. An huda ido, an huda hanci, baki a buɗe kamar zai yi magana. Kitson kansa kuwa, kowane layi an bi shi a hankali, har da wani ɗan ƙulli a bayan kunne. Wanda ya gina wannan ya zauna ya kalli wani mutum, kallo na gaske, ba irin wanda muke yi wa na gida ba. Na tambayi sunan mai kan. Ya ce ba wanda ya sani, ko yarensu ba a sani ba. Na ce su an bar musu fuska ba suna, tawa kuma za a bar mata suna ba fuska. Ya zauna a kan turmi.

Can ya ce in daina neman fuskar. Ya ce in na tuna ta ba da niyya ba, ina wanke-wanke ko ina hanya, yaya take zuwa mini?

Wannan ban sha wahala ba. Daga gefe take zuwa. Ina zaune a hagunta da tulu a cinyata, ita tana tsaye ta fuskanci mata, hankici a hannun dama, tafin hagu a manne da kunci har yatsu suna taɓa kunne, wuya a miƙe, jijiya ta tashi, baki a buɗe. Haka take ɗaga waƙa. Kuncin da na fi kallo a duniya ke nan, kuma kullum da hannu a kansa.

Ya ce in shiga in nuna masa. Ya ce in ɗaura atamfar, ita ma ba ta zo a banza ba. Na ɗaura, na tsaya, na sa hannu a kunci. Ya ce hannun ya mutu, kamar na mai ciwon haƙori. Na gyara, ya ce har yanzu. Na gane abin da ya rage. Hannun nan ba ya zama sai da waƙa a bayansa.

Kun sani tun ranar da aka yi abin ban ɗaga murya a coci ba, baki kawai nake motsawa. A ɗakin nan mai warin kananzir na ɗauko waƙar da takan buɗe taro da ita, ta yarenmu, ba ta littafi ba. Muryar ta fito kamar ana jan ƙofar kwano. Na kai inda mata suke amsawa, ba mai amsawa. Surukata ba ta san ta ba, ita a gari ta tashi. Na sake ɗagawa, na sake kaiwa wurin, shiru. A na gaba matar malamin, da ba ta jin ko kalma ɗaya, ta amsa da hanci, ta bi karin kawai. Ina jin gawayi yana tafiya a kan allo. Ban san tsawon lokacin da na tsaya ba.

Da na juyo, ya shafe fuskar ƙwan nan. Akwai mace a gefen allo, ta ba da gefe, hannu ya rufe kunci, ɗayan kuncin yana can ɓangaren da ido ba ya kaiwa. Layukan goshi kaɗai suka fito, su kuwa na tabbata da su. Duk mutanen allon suna kallonmu, ita kaɗai take kallon su. Surukata ta ce komiti za su yi magana, don sun ce kowa ya fuskanci gaba. Malamin ya ce su hau acaba su zo su same shi.

Ya tambaye ni ko ita ce. Na ce ita ce. Wannan karon ban yi saurin faɗa ba, na daɗe ina kallo tukuna.

Suka ba mu faten acha da yakuwa, muka ci kaɗan, muka kama hanya tun rana tana sama, don ba mai hankalin da yake bari duhu ya same shi a hanyar nan. Ruwa ya kama mu daga Kwoi har gida. Ban ga gona ba, ban ga shinge ba. Duk hanya ina juya layin nan, dama, hagu, dama, har fitilun Kafanchan suka fito.

Ranar keɓewa za ku ga allon. Na san za ku ce kai, Hannatu sak, har yadda take sa hannu. Ku faɗa, gaskiya ne. Amma na ga ya kamata ku sani cewa hannun nawa ne, kuma abin da ya rufe ba kunci kaɗai ba ne, ramin da ke cikin kaina ne. Abin da na koyo a Nok ke nan: mai zane, komai iyawarsa, ba ya dawo da wanda ya tafi. Abin da masu rai suka kalla da kyau shi yake iya ajiyewa, mu kuwa ba ma kallon namu, muna ɗauka gobe ma suna nan.

Saboda haka in kun ga ina ƙura muku ido ranar Lahadi, kada ku ce tsufa ya taɓa ni. Daren da muka dawo, ɗana yana cin tuwo, na jawo fitila na zauna gabansa har ya tsargu ya ce, "Mama, lafiya?" Na ce ya ci abincinsa. Yana da tabo a gira tun yana rarrafe, inda ya faɗa kan dutsen niƙa. Ni na ɗauke shi ranar, ni na tsayar da jinin. A girar hagu yake. Sai da na duba.